Akwatin Mushe: Tarihin Aiki Nesa da Gida a Nijar

A ɗakin kawuna a Damagaram akwai wani tsohon akwatin ƙarfe, irin wanda ma'aikatan da ke zuba kayansu in an canza musu wurin aiki. In ka buɗe shi, a cikin marfin za ka ga sunayen garuruwa an rubuta da farin fenti, kowane da shekararsa: Tera 1972, Gigimi 1976, Bilma 1979, Filinge 1983, Madawa 1989. Kawu mushe ne, ya yi shekara talatin da ƴan kai yana koyarwa a lekol, amma sai dab da ritaya aka maido shi jaharsu. Wata rana na ce da shi: "Kawu, ku ba ku gaji da yawon nan ba?" Ya yi dariya ya ce: "Ɗana, a lokacinmu wa zai tambaye ka inda kake so? Takarda ce ke zuwa, ka ɗaure tabarma ka nufi tasha."

Abin da ya tuna mini da akwatin nan shi ne hirar da muke yi a fada kwanakin baya. Da yawanmu sun kusa gama karatu, kuma maganar afektasiyo ta fara shiga baki. Wani abokinmu ya rantse in aka jefa shi Difa, ranar zai aje aikin. Wani ya ce shi yana da mutum a Yamai, ba inda za shi. Ban ga laifinsu ba gaba ɗaya. Sai dai na ga ya kamata mu waiwaya mu ga yadda aka faro wannan al'ada ta tura ɗan ƙasa aiki can wata kusurwa, abin da ta haifar, da inda ta cuci mutane.

Girman ƙasar tukuna

Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000. Jahar Agadas ita kaɗai ta fi rabin wannan faɗin, har ta fi ƙasar Faransa girma. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, zuwa Gigimi kuwa kusan 1,500. Wanda ya tashi a Gaya, inda ruwan sama ke sauka sosai, in aka kai shi Bilma, inda shekara kan wuce ba a ga ɗigo ba, ai kamar an fitar da shi waje ne. Abinci daban, harshe daban, har gaisuwa sai ya koya. Saboda haka tambayar da ke gaban duk wanda ya mulki ƙasar nan guda ce: yaya za a yi mutumin bakin Isa da mutumin Kawar su ji cewa abu ɗaya ya haɗa su?

Kafin zuwan Nasara

Kada mu ɗauka gwamnati ce ta koya wa mutanenmu tafiya. Tun kafin a ja iyaka, ayarin Buzayen Abzin kan ɗauki gero su ratsa Tenere bayan damina, kusan kilomita 600 daga Agadas, su kai Fashi da Bilma, su dawo da kantun gishiri da dabino. Daga nan su gangaro kudu, Damargu da Damagaram da Tasawa har Kano, su yi watanni suna saye da sayarwa kafin su koma gida. Damagaram kanta zango ce babba a kan hanyar Tarabulus zuwa Kano, shi ya sa har gobe garin yake da Birni da Zango. Cikin garin Agadas Hausa ake yi a kasuwa, kuma fatauci da zaman tare ne suka kai ta can.

Amma tafiyar wancan zamani tana da tsarinta. Baƙo yana da mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta tashi. Baƙo kuma ya san shi baƙo ne. Bai zo da umarni ba, ciniki ya kawo shi.

Zamanin Nasara

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Daga 1911 nan ne hedkwatar yankin, har 1926 da gwamna Brévié ya maida ita Yamai. Wannan canji ya yi nauyi fiye da yadda muke zato, domin ya aje kan ƙasar a can gefen yamma, ya bar gangar jikinta ta miƙe gabas da arewa. Daga ranar, duk takardar da za ta yanke wa mutumin Gigimi hukunci sai ta fito daga garin da ke nesa da shi da tafiyar makonni.

A wannan zamani ne aka samu sabuwar irin tafiya, wadda mutum bai zaɓa ba. Akwai aikin tilas, inda ake kwasar samari daga ƙauyuka su yi dako da gyaran hanya da gini, har sai da aka soke shi a 1946. Akwai soja da ƴan gardi, waɗanda kumandan ya fi so ya aje su inda ba su da dangi, don kada tausayi ya hana su karɓar haraji. Akwai kuma ƴan lekol, ƙalilan ne, da ake turawa makarantar William Ponty a Senegal su dawo mushe ko magatakarda. Bubu Hama, ɗan Foneko kusa da Tera, shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito mushe daga can. Diori Hamani ya koyar a Maraɗi. Jibo Bakari ya koyar a Birnin Ƙwanni da Agadas. Ku lura da kyau: mutanen da suka fara maganar Nijar a matsayin ƙasa guda, mutane ne da aiki ya fitar da su daga gida, suka ji bakin wasu, suka ci tuwon wasu. Nasara ya tura su don amfanin kansa, su kuma suka dawo da sanin ƙasa.

Bayan ƴancin kai

Ranar 3 ga Agusta 1960 ƙasar ta samu ƴanci da ƴan boko kaɗan ƙwarai. Yawancin magatakarda da ma'aikatan buro ƴan Dahome ne da Togo. A ƙarshen 1963, da rikicin tsibirin Lete ya yi zafi, aka kori ma'aikata ƴan Dahome daga Nijar. Gurbin da suka bari dole ƴan ƙasa su cike shi, kuma da gaggawa. A 1964 aka kasa ƙasar zuwa manyan yankuna bakwai: Yamai, Doso, Tawa, Maraɗi, Damagaram, Difa da Agadas. Kowane yana bukatar prefe, da mushe, da majo a gidan likita, da jandarma, da malamin gona. Ka'idar da aka bi ita ce ma'aikaci na ƙasa ne baki ɗaya, ko'ina aka ga dama a kai shi.

Cikin wannan guguwa kawu ya fito daga makarantar horar da malamai. Ya ce ranar da ya sauka Tera bai iya ko "fofo" ba. Yara ba su jin Hausa, shi ba ya jin bakinsu, Faransancin ma yanzu zai fara koya musu. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ce ta riƙa aiko masa da abinci, tana nuna kwano tana faɗin sunansa, tana nuna ruwa tana faɗin sunansa. Kafin bakans ya zo yana ciniki a kasuwa da Zabarmanci. A Gigimi ya tsinci Barbarci. A Bilma ya ce ya koyi abu biyu, haƙuri da cin dabino, don albashi da wasiƙa duk sai mota ta zo, motar kuwa ba ranar zuwanta. Matarsa ta biyu ƴar Filinge ce. Ƴaƴansu in ka tambaye su ƴan ina ne, sai su tsaya tunani tukuna.

Abin da ya sauƙaƙa wa irinsu zama, ban da kirkin mutane, akwai wasan taubashi. Bagobiri a ƙasar Zabarmawa ba ya rasa mai zaginsa cikin raha, Bafillace da Babarbare haka, Buzu da Bazabarme haka. Wanda ya tare ka da "bawana ya iso" ya riga ya ba ka wurin zama.

Gwamnati kuma ta yi ƙoƙarin rage nisan. A farkon shekarun 1970 aka shimfiɗa kwalta daga Gure zuwa Gigimi da taimakon Kanada, aka sa mata suna Hanyar Haɗin Kai. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 aka farfaɗo da samariya, ana bikin matasa na ƙasa, kowace shekara a wata jaha. Kokowar takobi ta fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kuma har yanzu zagayawa take yi. Samari da yawa a irin waɗannan tarurruka suka fara ganin wani gari ban da nasu.

Sai dai akwai ɗaci a cikin labarin. Takardar afektasiyo ta zama bulala. Ma'aikacin da ya yi wa babba gardama, ko aka zarge shi da siyasa, sai a tura shi can ƙarshen ƙasa. Bilma da Dao Timmi sun yi suna wajen tsare waɗanda hukuma ke fushi da su. Ku duba abin da hakan ke nufi ga mutanen wurin: garinsu ya zama wurin horo, ana kawo musu ma'aikaci yana ƙirga kwanakin komawa tun ranar da ya sauka. Wannan kallon ne muka gada ba mu sani ba, duk lokacin da muka ce "an jefa ni".

Arlit

Ba gwamnati kaɗai ke ɗaukar mutane ba. An gano uraniyom a arewa a 1957. Aka kafa SOMAIR a 1968, ta fara haƙa a 1971. COMINAK ta biyo baya, aka kafa ta a 1974, ta fara aiki a 1978 a Akokan. A tsakiyar hamada gari ya tsiro, da lantarki da famfo da kantuna, har ana ce masa ƙaramin Paris. Aka ja kwalta daga Tawa zuwa Arlit, fiye da kilomita 600. Ƴan Doso, ƴan Maraɗi, ƴan Magariya, kowa ya nufi arewa. Wanda ya samu aiki ya shiga site, wanda bai samu ba ya kafa rumfa a Bukoki yana jira. Kuɗin Arlit ya gina gidaje da yawa a kudu, ya aurar da mutane, ya biya wa wasu iyayenmu karatu.

Amma mutanen arewa sun ga abin ta wata fuska. Suna kallon baƙi na cin albashi a ƙasar kiwonsu, su kuwa fari na 1973 da na 1984 ya cinye musu dabbobi. Wannan ƙorafi yana cikin abubuwan da suka hura tawayen shekarun 1990, wanda aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, ranar da muke hutu a kanta kowace shekara. Darasin a bayyane yake: in zirga-zirgar aiki ta zama ɓangare guda ke zuwa, ɗayan kuma yana kallo, ba ta haɗa kai, tana tara fushi ne. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Wasu suka koma "gida" da ƴaƴan da ba su san wani gida ba sai Akokan.

Mu kuma fa?

Abubuwa biyu sun canza tsakanin kawu da mu. Na farko, darajar aikin. Bayan karyewar sefa a Janairun 1994 da shekarun bashin albashi, daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malaman sa kai, daga baya ƴan kwantiragi. Mutumin da kuɗinsa bai kai ya ci ya biya haya ba, kuma ba ya zuwa kan lokaci, in ka tura shi kilomita dubu daga danginsa ka raba shi da tukunyar da ke rufa masa asiri. Ga kuma rashin tsaro: tun harin Boso da Difa a Fabrairun 2015, da abin da ke faruwa a Tilaberi, tsoron abokinmu ba ragwanci ba ne.

Na biyu, karatunmu. A da jami'ar gwamnati guda ce, ta Yamai, duk wanda ya ci bak can zai je, ya kwana ɗaki ɗaya da Batubbe da Bagurme. A 2010 aka buɗe na Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Alheri ne babba, ɗan talaka ya samu karatu kusa da gida. Amma yau mutum yana iya tashi daga aji ɗaya har lisansi bai taɓa ƙetare jaharsu ba. Abin da ya sani game da sauran ƙasar a waya ya gan shi, ko a bakin ɗan siyasa lokacin kamfe.

Ni dai ga abin da na fahimta. Muna da haƙƙin neman a gyara tsarin: wanda aka tura nesa a ba shi wurin kwana da ƙarin kuɗi, a yanka masa wa'adi, kuma juyin ya shafi kowa, har da mai dogon hannu a Yamai. Wannan ya cancanci shiga takardun kokenmu. Amma in muka ce kowa ya zauna garinsu, yaron Bilma da na Ngurti wa zai koya musu karatu kafin su fitar da nasu malaman?

Bara wani mutum mai furfura ya yi sallama a ƙofar kawu. Likita ne, aiki ya kawo shi Damagaram, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan. Ya durƙusa ya ce: "Mushe, ba ku gane ni ba? Tera, aji ɗaya." Suka koma Zabarmanci, mu muna zaune ba mu jin komai. Da zai tafi kawu ya sa aka jawo akwatin, ya buɗe marfin ya nuna masa layin farko.

Allah ya ba mu aikin yi, ya kuma sada mu da masu masauki nagari.