Furen Jibralta da aka ɗauka ya ɓace daga doron ƙasa

A duk faɗin duniya, wuri ɗaya tak aka san furen da masana ke kira Silene tomentosa yana tsirowa da kansa, wato a kan Dutsen Jibralta, da ke ƙarshen kudancin Sifaniya amma a ƙarƙashin ikon Birtaniya tun 1713.

Sunan dutsen ya samo asali ne daga Jabal Ɗariƙ, don tunawa da Ɗariƙ bin Ziyad, kwamandan da ya tsallaka da rundunar Musulmi zuwa Andalus a shekarar 711.

Tsiron ba ya mutuwa bayan shekara guda kamar gero. Gindinsa yakan yi ƙarfi kamar itace, ya riƙa sake tohowa duk shekara, tsawonsa ya kai kimanin santimita 40. Jikinsa na lulluɓe da gashi mai laushi, kuma kowane fallen furensa, mai launin ruwan hoda, a rabe yake gida biyu.

Larabawa na kiran danginsa da sunan ƙaranful, kalmar da Hausa ta aro ta zama kanumfari, ko da yake itacen kanumfarin da ake sa wa kunu ba ya cikin wannan dangi.

Mazauninsa tsagogin dutsen farar ƙasa ne, wuraren da mutum ba ya iya kaiwa sai da wahala. Dutsen na da tsayin mita 426, kuma iskar gabas takan tara gajimare a kansa, abin da ke samar da danshi ko a watannin da ba a ruwa.

Ya zuwa 1992, masana sun fid da tsammani, sun ɗauka furen ya ƙare. Amma a 1994 sai aka ci karo da 'yan tsirarunsa a gandun da aka keɓe a saman dutsen.

Ba a yi sake ba a wannan karon. An tattara irinsa, aka raine shi a lambun Alameda na Jibralta, wanda aka kafa tun 1816, aka kuma adana wani a rumbun iri na lambun Kew a Ingila, inda ake busar da iri a ajiye shi cikin tsananin sanyi.

Dokar kare halittu ta Jibralta, ta 1991, ta haramta tsinka ko tumɓuke shi. Sai dai doka ba ta hana gobara ko zaftarewar dutse, kuma ga tsiron da gidansa bai wuce 'yan tsagogi ba, ɗaya daga cikinsu ta isa ta share shi daga daji.