Karen Farauta a Ƙasar Gure: Tarihin Horon da Ke Bin Namun Dawa Zuwa Ɓata

Idan ka tambayi ɗan makaranta a Gure yau mene ne mariri, da wuya ya ba ka amsa. Alhali kakanninsa sun san wannan dabba sarai, sun san sawunta, sun kuma san irin karen da ke iya tsayar da ita. Ina so in yi magana a kan wannan kare da yadda ake hora shi, domin a ganina tarihin dajinmu yana cikin tarihinsa.

Gure tsohon gari ne. Shi ne mazaunin Muniyoma, sarkin ƙasar Muniyo, lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta nan a ƙarshen 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Arewa da garin akwai duwatsun Kutus, can gaba kuma ga Taskar da duwatsun Tarmit a bakin Tenere. Tsakanin waɗannan wurare ne namun dawa suke kai da kawo: barewa, jimina, ragon dutse, mariri wanda wasu ke kira warwaji, da kuma farar dabbar sahara mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks. Waɗannan dabbobi sun shiga ciniki da yaƙi. Da fatar warwaji ake yin manyan garkuwoyin Buzaye, gashin jimina kuwa yana cikin kayan da ayari ke ɗauka daga Damagaram zuwa Tarabulus a ƙarni na 19.

Masu neman wannan nama iri-iri ne. A cikin Hausawa da Mangawa akwai maharbi mai kwari da baka, wanda ke sanɗa shi kaɗai, akwai kuma farautar gayya ta rani, wadda samari ke fita da gora da karnuka bayan an kawar da amfanin gona. A cikin Tubawa akwai Azza, zuriyar maƙera da mafarauta, waɗanda suka shahara da kora manyan dabbobi zuwa cikin raga. Buzaye kuma suna da dogon karensu siriri, irin wanda duniya ta sani yau da sunan Azawak.

Horon, kamar yadda na ji shi daga bakin tsofaffin mafarauta, tun daga kwikwiyo yake farawa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ana duba uwarsa tukuna, ko karya ce mai zuciya da hanci. Mai shi ne kaɗai ke ba shi abinci, madara da tsaki ko ragowar tuwo, har ya san murya ɗaya da hannu ɗaya. Darasin farko shi ne kira: a kira sunansa ya zo, a tsawata masa ya tsaya. Karen da bai iya wannan ba, ko da ya fi iska gudu, ba a fita da shi.

Daga nan sai hanci. Ana jan ɗanyar fata ko abin da aka shafa wa jini a ƙasa, a ɓoye shi bayan wani kurmi, a saki kwikwiyon ya nemo. Yau taku kaɗan, gobe a ƙara nisa, jibi a karkata hanyar. Da sanyin safiya ake yi, saboda in rana ta take, rairayi ya yi zafi, wari ba ya zama a kansa. Wannan ne ya sa a ƙasa irin tamu aikin rabawa ake yi: mutum ya karanta sawu da ido, ya gane na jiya da na yau, na lafiyayya da na mai ɗingishi, kare kuma ya karɓa inda sawu ya ɓace a kan dutse ko cikin ciyawa. Idan maharbi ya harbi dabba da kibiya mai dafi, ba nan take take faɗuwa ba, tana iya yin tafiya mai nisa. A nan ne ake gane amfanin karen da ya san bin jini.

Bayan haka ana haɗa shi da tsohon kare. Da kurege da zomo ake farawa, sannan barewa. Babbar dabba ita ce jarrabawar ƙarshe, kuma abin da ake koya masa a kanta ba cizo ba ne. Ƙahon mariri dogo ne mai tsini, ya kan kai mita guda, karen da ya afka masa kai tsaye ba ya komawa gida. Sai ya koyi kewaya dabbar yana haushi, ya tsare ta wuri ɗaya har mai shi ya iso. In an yanka, a ba shi rabonsa na kayan ciki daga hannu, don ya san cewa ladansa a wurin mai shi yake, ba a jikin gawa ba.

Malamanmu ma ba su bar wannan fage ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, kuma littattafan fiƙihu sun yi bayanin sharuɗɗa: mai shi ne zai aike shi, zai ambaci sunan Allah lokacin sakinsa, kuma in aka tarar da wani kare daban a kan naman ba a san wanda ya kashe ba, ba a ci. Hadisi ya kuma yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona. Wato al'ada da shari'a sun haɗu a wuri guda: abin da ke raba karen farauta da karen banza shi ne iya kame kai.

Wannan farauta tana da iyaka a cikin kanta. Kare yana gajiya, ƙishirwa tana kama mutum, raƙumi ba ya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa aka yi ɗaruruwan shekaru ana farauta, garken bai ƙare ba. Abin da ya rushe wannan iyaka shi ne bindigar zamani da mota mai shiga rairayi, wadda ke bin dabba har numfashinta ya ƙare. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara wa lamarin nauyi, sabbin rijiyoyi kuma suka kai dabbobin gida makiyayar da a da ta namun dawa ce. Mariri ya ɓace daga Nijar a shekarun 1980, kuma a 2000 ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa babu shi a daji ko'ina a duniya. Nijar ta kafa dokar farauta da kare namun dawa a 1998, ta kuma keɓe gandun Tarmit da Tin Tumma a 2012, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000 a wancan lokaci. Duk da haka, a ƙidayar da aka yi a 2016, adaks uku kacal aka gani.

Ba a rasa abin farin ciki ba. A 2016 aka fara sake sakin mariri a dajin Chadi, har ya hayayyafa. A nan kusa da mu, a Kelle cikin duwatsun Kutus, akwai cibiyar da ke kiwon jimina da niyyar mayar da ita daji. Irin wannan aiki yana bukatar masu iya karanta sawu da sanin halin dabba, kuma wannan ilimi yana kan tsofaffin da ke raguwa kullum.

Don haka kirana ga malaman makaranta shi ne, ku gayyaci tsohon mafarauci aji, ko sau ɗaya a shekara. Yara su tambaye shi sunayen dabbobi da Hausa da Barbarci da Tubanci, su zana sawun kowace, su rubuta yadda ya hori karensa. Ba don su fita kisa ba, doka ta hana taɓa waɗannan dabbobi, sai don su san abin da ƙasarsu ta mallaka. Iyaye kuma su lura da tsarin horon nan: farawa da wuri, murya ɗaya, ƙaramin aiki kafin babba, da lada a kan lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mafarautan Muniyo sun san haka tun kafin a gina aji na farko a Gure.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya kuma ba mu ikon riƙe abin da ya rage.