Bayani a kan ɗinkin littafi na Ƙibɗawa da dalilin barin littattafanmu warƙa-warƙa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da mutum da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ka sani ya kai almajiri, Allah ya yi maka buɗi, waɗansu 'yan'uwa daga Ikara da Makarfi da Kudan sun tambaye ni: don me littattafan da muka gada ga malaman Zazzau suke warƙa-warƙa cikin tadarishi, alhali na Misra da Maghrib a ɗinke suke? Har waɗansu suna ganin gazawa ce ta magabata, suna nufin kai na gadonsu kasuwa a ɗinke. Na amsa musu gwargwadon abin da Allah ya sawwaƙe.

Fasali. Ka sani ɗinkin littafi tsoho ne a Misra, a hannun Ƙibɗawa, su ne Nasaran ƙasar, mutanen Mariya uwar Ibrahimu ɗan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A shekara 1945 ta Miladiyya waɗansu manoma suka tono tulu kusa da Naj'u Hammadi, a cikinsa kundi 13 na takardar bardi, rubutun ƙarni na 4. Bangonsu fata ne, da harshe mai rufowa da igiyar ɗauri, wanda duk ya gani sai ya tuna da tadarishinmu. Waɗannan mafi yawansu ninki guda ne mai kauri. Da littafi ya yi yawa, ninki guda ya kasa ɗauka, sai aka raba shi kurrasa-kurrasa, aka nemi abin da zai haɗa su.

Ga yadda suke yi. A ninka takardu kaɗan a tsakiya, wannan ita ce kurrasa. A huda ninkin da basilla a wurare sanannu. Zare ya shiga ta ciki ya fito ta baya, sa'an nan ya saƙalo ɗinkin kurrasar da ke ƙarƙashinta ya koma, haka har ƙarshe, sai ka ga sarƙa ta tashi a gadon bayan littafin. Bango kuwa katako ne guda biyu, a huda bakinsu zaren ya riƙe su. Amfaninsa littafi ya buɗe ya kwanta sarai. Habashawa suka riƙe wannan sana'a a majami'unsu ƙarni bayan ƙarni. Kuma Suyuɗi ya kawo cikin Itƙan cewa sa'ad da aka tara Alƙur'ani zamanin Abubakar aka yi shawarar sunansa, Ibnu Mas'udu ya ambaci abin da ya ji Habashawa suna kiran littafinsu, wato mushafi, aka ɗauka. Musulmi suka gyara ɗinkin suka ƙawata bango, har aka yi wallafa a kansa: akwai babinsa cikin Umdatul Kuttabi da ake jingina wa Mu'izzu ɗan Badisa, kuma Sufyani ya wallafa littafi sukutum kan sana'ar a Fas, shekara 1029 ta Hijira.

Fasali. To, magabatanmu sun yi hajji ta Misra, sun ga ɗinkakkun littattafai sun sayo su. Kuma ƙasar da dukawanta ke ɗinka sirdi da kube da layu ba za ta rasa mai huda takarda ba. Saboda haka ni abin da na rinjayar shi ne, sun bari ne da gangan, saboda yadda karatu yake a wurinmu.

Dubi zauren malami. Littafi ɗaya, almajirai goma. Malam ya zare warƙa biyu na Risala ya ba wannan, uku ya ba wancan, kowa ya koma ya kwafa ya maido. Da a ɗinke yake, da mutum ɗaya ya riƙe shi tara suna jira. Mai tafiya neman ilimi kuma ya ɗebi babin da yake karantawa ya bar saura a gida. Ga tsadar takarda a zamanin da: daga Italiya take zuwa, mai alamar wata uku in ka ɗaga ta ga rana, yawancinta ta gidan Galvani, ta bi Tarabulus ta ƙetare hamada bisa raƙuma. Bature Barth ya gan ta a kasuwar Kano a 1851. Abin da ya sha wannan tafiya ba a gaggawar huda shi. Kuma gefen warƙa shi ne mazaunin hashiya, inda malami ke sa fassarar kalma da Hausa ko Fulatanci, ɗinki kuwa yana cin gefe.

Maimakon zare sai suka yi abu biyu. Na fari kalmar da ake rubutawa a ƙasan bayan warƙa, wadda ita ce farkon warƙar da ke biye. Larabawa suna ce mata ta'aƙiba. Na biyu tadarishi: majemi ya jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, baduku ya lulluɓe kwali da ita ya fitar da harshe, a ɗaure da igiyar fata, wani lokaci da wuri a bakinta, sa'an nan a sa cikin gafaka a rataye nesa da gara da laima. Har da injin ɗab'i ya zo, mushafan Warshu da aka buga daga rubutun hannun mahaddatan Kano an bar da yawansu warƙa-warƙa, don haka tsangaya ta saba.

Fasali. Ban ɓoye maka aibin wannan hanya ba. Warƙa tana ɓata, aro ba ya dawowa, kuma in mai littafi ya rasu magada sukan raba kundi da kimantawa, rabin Muhtasar ya tafi Hunƙuyi rabi ya zauna Kudan. Mafi hatsari shi ne cuɗanya. Maganar Halilu a taƙaice take ƙwarai, sharaɗi yana ƙarshen warƙa, abin da aka togace yana farkon ta gaba. In wata ta shiga tsakani, mai karatu ya ɗora togaciya kan hukuncin da ba nata ba, ya yi fatawa da ita yana ganin ya yi daidai. Ta'aƙiba ma takan ruɗar, don kalma irin ƙala ko wa'in tana buɗe warƙa da yawa.

Wanda ya kai irin wannan kundi aka ɗinke shi bai gwada ba, ya dawwamar da kuskuren, kuma mai ɗinkin kasuwa yakan datse gefe don ya daidaita, hashiya da ta'aƙiba su tafi tare da yankan. Abin da ya kamata, ka zauna da wani kwafi ingantacce ka bi warƙa ɗaya-ɗaya, wani yana karantawa kana dubawa, ka sa lamba ƙarama a kusurwa, ka rubuta a takarda dabam inda aka rasa, ka mai da shi tadarishinsa. Sabon kundinka da kake rubutawa da hannunka kuwa, in ka so ɗinkin Ƙibɗawa ka yi, babu laifi, sai dai ka bar fili wajen ninki kafin ka soma rubutu.

Tammat bi hamdillahi wa husni aunihi. Allah ya gafarta wa mai rubutu da mai kwafa da iyayensu, amin.