Maharbi a Tsakiyar Unguwa: Tarihin Barewa da Baka a Amurka

A watan Oktoba, tun kafin gari ya waye, idan ka bi ta wasu unguwannin gundumar Fairfax da ke jihar Bajiniya, dab da birnin Washington, za ka iya cin karo da mutum ya ajiye motarsa a gefen titi, ya rataya baka, ya nufi 'yan itatuwan da suka raba wannan layi da wancan. Zai hau bishiya, ya zauna a kan ƙaramar kujerar ƙarfe da ya ɗaure a jikinta, ya yi shiru. Daga can sama yana hango fitilar kicin ɗin wani gida, yana jin kukan motar da ta zo kwasar 'yan makaranta. Lasisinsa na aljihu, kuma hukuma ta san da zamansa. Barewa yake jira.

Amurka ta fi kowace ƙasa a duniya yawan bindiga a hannun farar hula. To yaya aka yi ta koma neman agajin baka da kibiya, a tsakanin gidajen mutane? Labarin ya faro ne fiye da shekara 300 da suka wuce.

Dabbar da ake magana a kanta ita ce barewa mai farar wutsiya. Ta ɗan bambanta da barewar dajinmu: ta fi ta jiki, kuma namijinta ne kaɗai ke da ƙaho, mai rassa kamar reshen bishiya, yana zubar da shi duk shekara wani ya tsiro. Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai kimanin miliyan 30 a Arewacin Amurka. Mutanen asalin ƙasar suna cin namanta, suna sa fatarta, suna yin tsarkiya da jijiyarta, ga kuma kyarkeci da zakin dutse suna rage yawanta.

Da Turawa suka zo, fatar ta zama haja. A ƙarni na 18 tashar jiragen ruwa ta Charleston ta riƙa tura dubban fatu zuwa Ingila kowace shekara, ana ɗinka wanduna da safar hannu. Fatar ta zama ma'aunin ciniki a bakin daji, har yau kuma Ba'amurke na kiran dala "buck", wato sunan namijin barewa. Tun a 1646 garin Portsmouth na Rhode Island ya kafa dokar hana farautarta a wasu watanni, alamar cewa an fara ganin raguwarta. Dokar ba ta tsayar da komai ba. Aka sare dazuzzuka aka yi gonaki, jirgin ƙasa ya zo ya sauƙaƙa kai nama kasuwannin birane, maharban kasuwa suka yi ta kisa ba lissafi. Zuwa 1900 abin da ya rage a faɗin ƙasar bai wuce dubu 500 ba. A jihohi da dama yaro zai girma har ya yi aure bai taɓa ganin barewa da idonsa ba.

Daga nan aka juya akala. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka hana sayar da shi, kasuwar ta mutu. A 1937 dokar Pittman-Robertson ta ware harajin bindigogin farauta da harsasai domin kula da namun daji. Da kuɗin aka sayi filaye, aka ɗauki ma'aikata, aka kamo bareyi daga inda suka saura aka sake su inda suka ƙare. Aka koya wa maharba cewa harbin mace abin kunya ne, domin ita ce mai haihuwa. A daidai lokacin kuma gwamnati na biyan lada ga wanda ya kashe kyarkeci, har aka share shi daga gabashin ƙasar. Manoma da yawa suka bar gonakinsu suka koma birni, daji ya sake tsirowa. Barewa ta samu abinci, ta samu kariya, ta rasa abokin gaba.

Shi kuwa baka, a wannan lokaci ya riga ya zama kayan gidan tarihi. Wanda ya dawo da shi mutum ne da ya rasa kowa nasa. A watan Agusta na 1911 aka tsinci wani mutum a rame, cikin yunwa, kusa da wata mayanka a garin Oroville na jihar Kalifoniya. Shi ne na ƙarshe a ƙabilar Yahi, wadda Turawa masu neman zinariya da masu kiwo suka karkashe. Al'adarsu ta hana mutum faɗin sunansa da bakinsa, kuma babu wanda ya rage da zai faɗa a madadinsa, sai masanin al'adu Alfred Kroeber ya kira shi Ishi, ma'ana "mutum" a harshensu. Aka zaunar da shi a gidan tarihin jami'a a San Francisco. A can ya saba da likitansa, Saxton Pope, ya koya masa sassaƙa baka, da fiƙe kibiya, da yadda ake sanɗa a kira dabba ta matso. Ishi ya rasu a 1916, tarin fuka ya kashe shi.

Pope bai ajiye bakan ba. Shi da abokinsa Arthur Young suka yi ta yawon farauta da shi, har Afirka ta Gabas suka je harbin zaki, kuma a 1923 Pope ya buga littafi a kan farauta da baka wanda ya ja hankalin matasa. A 1934 jihar Wisconsin ta zama ta farko da ta ware lokacin farauta na masu baka kaɗai. Fred Bear na jihar Michigan ya mayar da ƙera baka sana'ar masana'anta. Sai a 1969 Holless Wilbur Allen na jihar Missouri ya samu shaidar mallakar wani sabon baka mai ƙafafun juyawa a bakinsa biyu. Idan maharbi ya ja tsarkiya ta kai ƙarshe, nauyin sai ya ragu sosai, ya iya riƙewa yana saiti hannunsa bai karkarwa. Da wannan, ma'aikacin ofis da ke atisaye ranar Asabar ya iya abin da a da sai wanda ya gaji harbi.

Yayin da baka ke farfaɗowa, biranen Amurka na tumbatsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo suna neman muhalli. A 1947 aka fara gina Levittown a wajen birnin Niyok, dubban gidaje iri ɗaya, kowanne da filin ciyawarsa. Aka kwaikwayi wannan tsari a ko'ina. Abin da magina ba su lura da shi ba shi ne, barewa ba ta son tsakiyar ƙungurmin daji, ta fi son bakinsa, inda itatuwa suka haɗu da fili. Unguwar bayan gari kuwa duk bakin daji ce: ga furanni da ake ba taki da ruwa, ga ɗan kurmi na ɓuya, ga dokar hana harba bindiga kusa da gidaje. Macen da ta ƙoshi takan haifi tagwaye kusan duk shekara. Yau an koma kimanin miliyan 30, kamar yadda ake kafin zuwan Turawa, sai dai yanzu mutane fiye da miliyan 300 ne a ƙasar.

Da farko murna aka yi. Waɗanda suka taso da fim ɗin Bambi na 1942 suna ganin barewa a ƙofar gida kamar baƙuwar alheri. Sannu a hankali aka fara ganin ɗawainiyar baƙuncin. Motoci na karo da barewa fiye da sau miliyan ɗaya a shekara, mutane fiye da ɗari na mutuwa. A 1975 aka lura da wani ciwon gaɓoɓi a tsakanin yaran garin Lyme na jihar Connecticut. A 1982 Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar cutar, wadda kaska ke yaɗawa. Ɓeraye ne ke ɗauke da ƙwayar, amma a jikin barewa babbar kaska ke shan jini ta yi barbara, saboda haka inda barewa ta yi yawa kaska kan yi yawa. Sannan ga dajin kansa: bareyi na cinye duk wani tsiro da bakinsu ya kai, manyan itatuwa su tsufa babu magada, tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa su ɓace.

Garin Princeton na jihar New Jersey ya hana harba bindiga a 1972, hatsarin mota da barewa ya ninka sau da yawa a shekarun da suka biyo baya, daga bisani hukumar garin ta ɗauko hayar ƙwararrun 'yan bindiga masu harbi da dare, abin da ya jawo zanga-zanga da ƙararraki a kotu. Wasu suka gwada hanyar da babu jini. Jami'ar Cornell ta yi wa matan bareyi tiyatar ɗaure mahaifa, sai ga abin mamaki: tunda ba sa ɗaukar ciki, sai suka riƙa neman barbara wata bayan wata, maza na ta kwararowa daga nesa zuwa harabar jami'ar. A ƙarshe jami'ar ta gayyato masu baka. A 2016 birnin Niyok ya fara yi wa mazan tsibirin Staten tiyatar hana haihuwa, aikin da ya ci miliyoyin daloli.

A nan baka ya nuna amfaninsa, kuma rauninsa ne ya zama ƙarfinsa. Harsashi na iya tafiya fiye da kilomita ɗaya. Maharbin baka kuwa yawanci ba ya saki sai dabba ta matso kamar mita 20. Yana saman bishiya, kibiyar da ta kuskure ƙasa take cakewa. Babu ƙara, kuma gari ba ya biyan ko sisi, domin maharban na sa kai ne. Jihar Bajiniya ta buɗe lokacin farautar baka na cikin birane a 2002. A 2014 jihar Niyok ta rage tazarar da doka ta sa tsakanin mai baka da gidan mutane daga ƙafa 500 zuwa 150. Tsohuwar tarbiyyar nan ma an kifar da ita: yanzu mace ake so a harba, wasu wuraren ba a ba ka damar harbin namiji sai ka fara kawo mace. Tunda doka ta hana sayar da naman, wanda ya yi wa maharbi yawa akan kai shi ga ƙungiyoyin ciyar da mabukata.

Duk da haka gardama ba ta mutu ba, kuma masu adawa na da hujja. Maharbin ƙasar Hausa da yake shafa dafi a kibiyarsa ya san dabba ba ta faɗuwa nan take. Na Amurka ba ya amfani da dafi, kaifin ƙarfen kaɗai ya dogara da shi. Ko da kibiya ta ratsa huhu, barewa kan yi gudun mita 50 ko 100 kafin ta faɗi, kuma ba ta san iyakar fili ba. Tana iya faɗuwa a lambun maƙwabcin da bai yarda da farauta ba, a gaban 'ya'yansa. Idan saiti ya kauce, sai a ga dabba na yawo a unguwa da kibiya a kafaɗa, hotonta ya cika Facebook. Masana namun daji su ma sun yarda cewa baka shi kaɗai da wuya ya rage yawan bareyi zuwa yadda daji zai farfaɗo, domin dabbar na da wayo: da ta gane ana harbi a wannan fili, sai ta koma na kusa inda mai shi ya hana.

Mu da muke ganin barewa na ƙarewa a dazuzzukanmu, rabin farko na wannan tarihi shi ya fi kama da halin da muke ciki, kuma ya nuna cewa dabbar da ta kusa ƙarewa na iya dawowa idan aka rufe kasuwarta aka ware kuɗin kula da ita. Rabi na biyu kuwa Amurkawa na cikinsa har yanzu. Sun kori kyarkeci, aikinsa ya dawo kansu, kuma babu wanda ya amince a sako masa kyarkeci a unguwa.

Shi ya sa mutumin nan na Fairfax, idan ya saki kibiya ya ji ta shiga, ba ya saukowa nan da nan. Yakan jira kamar rabin awa, sannan ya bi ɗigon jini a kan busassun ganye. Idan sawun ya tsallaka shingen wani, dole ya ajiye bakansa, ya zaga ta ƙofar gida, ya ƙwanƙwasa, ya nemi izinin ɗaukar abin da ya harba. Wani maigidan zai yi masa godiya har ya nemi cinya ɗaya. Wani kuma zai rufe ƙofa ya kira 'yan sanda.