Masu Yasar Rijiyoyin Mai

Ya ku 'yan makaranta, kun sani a ƙasarmu ba a gina rijiya a bar ta haka nan. In ta kwana biyu ƙasa ta kan zubo, laka ta toshe idon ruwa, sai a kira masu yasa su shiga su gyara. To, rijiyoyin man fetur ma haka su ke, sai dai ba mai iya shiga cikinsu, domin faɗinsu bai wuce na bututu ba, zurfin waɗansu kuwa ya fi mil guda. Yau mu na so mu ba ku labarin yadda masu wannan sana'a suka koyi aikinsu.

A shekara ta 1859 wani mutum wai shi Edwin Drake ya tarad da mai a Titusville, cikin jihar Pennsylvania ta Amurka, a zurfin ƙafa 69 da rabi. Da fari ruwa da ƙasa sun yi ta zubowa su na cika masa ramin, sai ya kafa bututun ƙarfe a ciki ya tsare gefe. Da rijiyoyi suka yi yawa sai wata wahala ta ɓullo. Man wurin ya na da wani kaki wanda ya kan daskare ya toshe kafofin dutse, mai ya ja baya. A 1865 wani tsohon soja, Edward Roberts, ya zura gwangwanin albarushi har ƙasan rijiya ya fasa shi, dutse ya tsattsage, mai ya dawo. Daga baya aka koma ga wata nakiya mai ruwa wadda girgiza kaɗan ke tayar da ita, ta kuwa halaka mutane da yawa cikin masu ɗaukarta.

Sa'an nan aka gamu da ƙarfin iskar gas da ke turo mai daga ƙasa. Ran 10 ga Janairu 1901 rijiyar Spindletop a jihar Texas ta ɓalle, ta yi ta feshin wajen ganga 100,000 kowace rana, sai da aka kwana 9 aka iya rufe ta. Wannan irin hasara ita ta sa mutane neman dabara. A 1919 Erle Halliburton ya soma sana'ar tura siminti ta cikin bututu, ya fita ta ƙasa ya hauro ta bayansa, ya liƙe tsakanin ƙarfe da dutse don kada ruwa ko gas su sami hanya. A 1922 kuma James Abercrombie da Harry Cameron suka ƙera wani makulli na ƙarfe wanda a ke ɗorawa a bakin rijiya, in ta taso a datse ta.

Har yau aikin yau da gobe bai sake ba. Sandunan famfo su kan cinye, ruwan gishiri ya ci bututu, yashi ya taru. Kafin a zare bututun da ya lalace, sai ma'aikata su cika rijiyar da laka ko ruwa mai nauyi, watau don nauyinsa ya danne gas, kana su zaro ƙarafan ɗaya bayan ɗaya su sake sababbi.

In kuwa wuta ta kama, sai a kira masu kashe ta. A watan Nuwamba 1961 rijiyar gas ta Gassi Touil a Saharar Aljeriya ta kama, ta yi ta ci har Afrilu 1962, sa'ad da Red Adair da mutanensa suka fasa nakiya a bakinta, ƙarfin fashewar ya raba wutar da iska ta mutu. A 1991 sojojin Iraki suka cinna wa rijiyoyin Kuwaiti fiye da 600 wuta, ba a rufe ta ƙarshe ba sai cikin Nuwamba.

Ga abin lura. Ran 20 ga Afrilu 2010 wata rijiya a Tekun Meksiko ta ɓalle ƙarƙashin jirgin haƙa mai suna Deepwater Horizon, mutum 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 ya na malala cikin teku. Da aka bincika, aka tarar siminti bai riƙe ba, makullin kuma bai datse ba, watau dabarun nan biyu na 1919 da 1922. Ashe kayan aiki ba su tsare rai sai da mai duba su kullum.

Tun 1956 da aka sami mai a Oloibiri wannan al'amari ya shafi Nijeriya, wataƙila kuwa cikinku akwai waɗanda wata rana za a danƙa wa irin wannan amana. Ku tuna rigakafi ya fi magani. Allah ya sa ku zama masu kula.