Tafiya Habasha ɗaukar yaro riƙo: yadda take da abin da ya kawo ƙarshenta

Kafin shekarar 2018, Habasha na cikin ƙasashen da Turawa da Amurkawa suka fi zuwa domin ɗaukar yara riƙo su tafi da su gida. A 2010 yara fiye da 2,500 aka kai Amurka kaɗai, abin da ya sa Habasha ta zo ta biyu bayan Sin. Ɗaukar da jarumar fina-finai Angelina Jolie ta yi wa wata jaririya a 2005 ya ƙara jawo hankalin masu neman 'ya'ya zuwa ƙasar.

Daga 2010 aka wajabta wa masu ɗauka su bayyana da kansu a gaban alƙali a Adis Ababa, don haka tafiyar ta zama sawu biyu. A na farko ake ganin yaron a gidan marayu, a shiga kotu. Bayan makonni a dawo karɓar biza a ofishin jakadanci. Wanda takardunsa suka faɗa cikin damina sai ya yi haƙuri, domin kotuna kan rufe daga Agusta zuwa farkon Oktoba.

A 'yan kwanakin nan baƙo ke cin karo da al'adun masu gida. Ana tarbarsa da gahawa, wadda ake soya 'ya'yanta a gabansa, a daka, a dafa cikin tulun yumɓu mai suna jabana, ga turaren wuta yana tashi. Zagaye uku ake sha, na ƙarshen sunansa baraka, kuma tashi kafin a kai gare shi ba ladabi ba ne. Abinci injera ce a faranti guda, da hannun dama, mai gida kuma yakan naɗe loma ya sa wa baƙo a baki don girmamawa. Hatta lokaci sai an koya: shekararsu wata 13 ce, agogonsu kuma yana fara ƙirga daga wayewar gari, ta yadda ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu.

Sai dai al'adar da ta fi muhimmanci ba a kan tabarmar gahawa take ba. Habashawa suna da nasu riƙon tun kaka da kakanni, wanda Oromo ke kira guddifachaa, inda yaro ke komawa wani gida amma yana nan cikin jama'arsa, kowa ya san asalinsa. Dokar iyali ta ƙasar ta 2000 ma ta tanadi cewa ɗan riƙo ba ya rabuwa da danginsa na jini. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. A Amurka kuwa, da zarar kotu ta tabbatar da ɗauka, haƙƙin iyayen asali ya yanke, yaro ya koma amsa sunan sabon gida.

A wannan giɓin ɓarna ta shiga. Da yawa daga cikin yaran ba marayu ba ne. Uwa ko uba na raye, talauci ne ya sa aka miƙa su. Binciken 'yan jarida ya gano iyayen da suka sa hannu bisa zaton karatu ɗansu zai je ya dawo, da dillalan da ke shiga ƙauyuka neman yara, da takardun da suka ce iyaye sun mutu alhali suna nan. Ganawar sa'a ɗaya ko biyu da dangin yaro, ta bakin tafintan da kamfanin da ke shirya ɗaukar ya kawo, ba ta isa ta warware wannan ba. Habasha kuma ba ta shiga Yarjejeniyar Hague ta 1993 ba, wadda aka tsara don sa ido a kan irin wannan ɗauka.

A 2011 hukumomi suka rage yawan takardun da suke dubawa a kullum. A watan Mayun shekarar wata yarinya 'yar Habasha mai shekara 13 ta mutu a Jihar Washington sakamakon yunwa, sanyi da azabar waɗanda suka ɗauke ta. An ɗaure su a 2013, lamarin kuma ya harzuƙa jama'a a gida. A watan Janairun 2018 majalisar dokokin Habasha ta haramta wa baƙi ɗaukar yara, ta ce a nema musu masu riƙo a cikin ƙasa.