Fitinar Berkeley ta 1964 da Mas'alar 'Yancin Magana

A ƙofar kudu ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda titin Bancroft ya haɗu da na Telegraph, akwai wani ɗan tsirin fili mai faɗin ƙafa 26, wanda ɗalibai suka saba kafa tebura a kansa suna raba takardu, suna karɓar gudummawa, suna kiran jama'a zuwa ga ra'ayoyinsu na siyasa, bisa zaton da kowa ke yi cewa filin na hukumar gari ne, dokar jami'a ba ta kai gare shi ba. Da aka bincika aka tarar mallakar jami'a ne, sai mai kula da al'amuran ɗalibai, Katherine Towle, ta ba da sanarwa ran 14 ga Satumba 1964 cewa an haramta wannan al'ada.

Haramcin kuwa ya zo a mummunan lokaci, domin daga cikin ɗaliban akwai waɗanda ba su daɗe da komowa daga Misisipi ba, inda suka yi hutunsu suna taimakon baƙar fata su yi rajistar zaɓe a gaban masu bindiga da masu ƙona majami'u. Wanda ya ga wannan da idonsa, lalle takardar ofis ba za ta razana shi ba. Mario Savio, ɗalibin falsafa ɗan shekara 21, wanda daga baya ya zama jagoran tafiyar, yana cikinsu.

Ran 1 ga Oktoba 'yan sanda suka kama wani mai suna Jack Weinberg yana zaune a teburin wata ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata, suka sa shi a mota. Kafin direba ya tayar, ɗalibai sun zauna a ƙasa sun kewaye ta, ba gaba ba baya, har wajen sa'a 32. Rufin motar nan shi ya zama mumbari, masu jawabi suna hawa ɗaya bayan ɗaya, wasu ma sai sun tuɓe takalmansu tukuna don kada su ɓata dukiyar hukuma, wanda ladabi ne da ba kasafai ake samunsa a tsakiyar husuma ba.

Abin da masu ba da labarin suka cika mantawa shi ne, tafiyar ba ta masu neman sauyi kaɗai ba ce tun farko, domin har magoya bayan Barry Goldwater, ɗan takarar masu ra'ayin riƙau, sun shiga, kasancewar haramcin bai tsallake teburinsu ba. Da sulhu ya faskara, ɗalibai suka mamaye ginin mulki na Sproul ran 2 ga Disamba, Gwamna Pat Brown ya ba da umarni aka kwashe kusan mutum 800 washegari, kana ran 8 ga Disamba majalisar malaman jami'ar, wadda ba ta manta da abokan aikinta 31 da aka kora a 1950 saboda ƙin yin rantsuwar mubaya'a ba, ta yanke da ƙuri'a 824 a kan 115 cewa jami'a ba ta da hurumin hukunta abin da magana ta ƙunsa, illa dai ta tsara lokaci da wuri da yanayin yin ta.

Amma fa ribar siyasa wani ne ya kwashe ta. Ronald Reagan ya yi yaƙin neman gwamna a 1966 da alkawarin share ƙazantar Berkeley, ya kayar da Brown, kuma a Janairun 1967 aka tsige shugaban jami'ar, Clark Kerr, mutumin da ɗalibai suka ɗauka azzalumi alhali masu riƙau suna ganinsa rago, ko da yake a zamaninsa ne, a 1963, aka ɗage haramcin gayyatar 'yan kwaminis su yi lacca.

Savio ya rasu a 1996, jami'ar da ta taɓa dakatar da shi ta raɗa wa matakalar Sproul sunansa. A Fabrairun 2017 kuwa, da tarzoma ta sa aka soke laccar wani mai ra'ayin riƙau, Milo Yiannopoulos, a Berkeley, masu ra'ayin riƙau ne suka fito suna kafa hujja da 1964, suna tuhumar magadan Savio da toshe bakin abokin hamayya.